Yaro mai tsoron fatalwa da dare: littafin hoto za a saya masa ko tatsuniya za a koma?

Kusan kowane gida akwai yaro ɗaya da baya kwanciya sai an zauna a gefensa, in an ɗauke wuta ya ƙwala ihu, fitsari ma gara ya yi shi a kwance da ya taka zuwa banɗaki. Yawanci abin yana farawa wajen shekara 3, ya yi ƙarfi tsakanin 4 zuwa 6, lokacin da kan yaro ya iya ƙirƙiro abubuwa amma bai gama rarrabe na gaske da na zuci ba. Toh yanzu iyaye da yawa, musamman masu yara a nazare da firamaren kuɗi a Samaru da Sabon Gari da Hanwa nan Zariya, sun ji cewa akwai littattafan hoto da aka yi takanas saboda wannan matsalar, yaro ya ga fatalwa a takarda ya yi dariya shikenan tsoro ya tafi. Su kuma su Gwaggo a cikin birni cewa suke yi mu da muka tashi da tatsuniyar Dodo me ya same mu. Ni dai a abin da na gani, kowanne akwai yaron da yake wa magani akwai wanda yake ƙara wa ciwo, shi yasa kafin ki fitar da kuɗi gara ki san naki wane iri ne.

Kuma hanyar sani ɗaya ce, ki tambaye shi. Amma da rana fa, yana cikin wasansa, ba da tsakar dare yana kyarma ba. Me kake gani in an kashe fitila? Zaki sha mamaki, don abin da muke haɗawa mu kira tsoron dare ba abu ɗaya bane. Wani duhun ne kawai baya so. Wani inuwa ce, zanin da aka shanya a igiya iska tana kaɗa shi. Wani ƙara ce, mage ta diro kan kwano ko jaba ta wuce tana tsuwa. Wani an yi rasuwa a layi ya ga an fito da makara, tun daga ranar yake cewa mamacin zai dawo. Wata kuma a Islamiyya ta ga ana yi wa wata ɗaliba ruƙiyya tana birgima, ita aljani take tsoro. Akwai ma wanda hirar manya ya ji ta masu garkuwa da mutane, wannan ba fatalwa a lissafinsa sam. In kika ɗauko littafin fatalwa kika karanta wa yaron da mage ce matsalarsa, kin ƙara masa sabon abin tsoro ne da kuɗinki.

Bari mu fara da littattafan Turawan, tunda su ake yayi.

Yawancinsu shafi 32 ne, hoto ya cinye shafin, rubutu layi biyu ko uku, minti biyar zuwa goma an gama. Masu fatalwa a ciki da yawansu an buga su ne saboda bikin Halowin da ake yi ranar 31 ga Oktoba a Amurka da Ingila, shi yasa zaki ga kabewa mai ido da haƙora, baƙar mage, jemage, tsohon gidan sama. In bikin ya wuce yara sun girma, irinsu ne suke biyo dilar gwanjo su iso wajen masu baza tsofaffin littattafai a kasuwa, da araha in aka kwatanta da sabo. Takardar mai kauri ce, zanen kuwa gaskiya akwai kyau, ba a musu.

Sai dai ba iri ɗaya bane, kuma a nan ne mutane suke yin kuskuren saye. Akwai wanda fatalwar ta gaske ce a cikin labarin amma an mai da ita abokiya, wai ita ma tsoron duhu take yi ko kaɗaici ya dame ta, yaro ya lallashe ta su zama aminai. Akwai kuma wanda yaro yake ganin abu a duhu ya ɗauka fatalwa ce, ya daure ya haska, sai ya ga ashe riga ce a rataye ko inuwar reshe. Na biyun nan ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Na farkon ne nake da ja a kai, kuma dalilaina biyu ne.

Ki kalli yadda suke zana fatalwar. Farin ƙyalle ne ya rufe abu daga kai har ƙasa, ba ƙafa, sai ramin ido guda biyu. Ɗan Bature in ya ga haka dariya yake yi, don shi abin da ya sani yayansa ya yafa zanin gado ranar biki ya je maƙwabta karɓar alawa. Yaron Kwarbai ko Tudun Wada fa, farin ƙyallen da ya rufe mutum daga kai har ƙafa a ina ya taɓa ganinsa? Likkafani. Mu ba ma ɓoye mutuwa, ana wanka a cikin gida, ana sallah a ƙofar gida, yara suna leƙe ta zaure. Don haka hoton da aka zana don ya ba yaro dariya, a idon namu yaron gawa ce ta miƙe tana yawo cikin ɗaki, kuma littafin yana gaya masa wai ta iya shigowa ta bango. Ba kowane yaro bane zai haɗa wannan lissafin, wanda bai taɓa ganin jana'iza ba ƙila ko a jikinsa, amma in an yi rashi kwanan nan a gida ko a maƙwabta, wallahi ki ajiye irin wannan littafin.

Dalili na biyu shi ne amsar da take hannunki. Yaron da yake tsoron mamaci, babu maganar da ta kai ki ce masa wanda ya rasu baya dawowa, yana inda Allah ya ajiye shi sai ranar tashin ƙiyama, mu namu addu'a ce. Gaskiya ce kika faɗa, malaminsa ma haka zai faɗa masa, Abbansa ma haka. Sai kuma ga littafi mai kala ya zo yana nuna ruhin wani yana zaune a saman bene yana shan shayi da yara. Ɗan shekara 8 zai gane wasa ne, ɗan shekara 4 kuwa abin da ya gani a hoto ya fi abin da aka faɗa masa da baki ƙarfi. Ga kuma ɗaya gefen, wasu littattafan da jagorar iyaye da ake sakawa a bayansu suna cewa a gaya wa yaro duk abin da ido baya gani babu shi. Wannan ma ba zai zauna a gidajenmu ba. Yarinyar da take haddar izu uku na ƙasa zata iso Suratul Jinni, sura ta 72, ta dawo ta ce Umma ai kin ce babu. Daga ranar duk wani lallashi da kika yi da dare zata sa masa alamar tambaya. Fatalwa kina iya cewa babu kai tsaye. Aljani kuwa sai dai ki ce akwai su, halittar Allah ne kamar mu, suna harkarsu, kuma an ba mu abin da muke karantawa.

Akwai kuma matsalar ɗakin da ake zanawa, ita ba ta aƙida bace amma tana rage amfanin littafin. Yaron cikin hoto yana da ɗakinsa shi kaɗai, gado mai ƙafa da ƙarƙashinsa, durowar kaya, makunnin wuta a gefen ƙofa, in ya tsorata ya danna haske ya gauraye. Namu yana kan katifa a ƙasa tsakanin yayyensa cikin gidan sauro, ba ƙarƙashin gado balle wani abu ya ɓuya, makunni kuma in ya danna ba lallai wuta ta zo ba. Shi filin dagarsa daga bakin ɗaki ne zuwa banɗakin da yake can ƙarshen tsakar gida, ya wuce rijiya, ya wuce turken awaki, ga darbejiya tana shuu da iskar hunturu. Littafin bai san wannan hanyar ba.

Duk da haka kar a zalunce su, akwai abin da littafin hoto yake yi wanda baki ba zai iya ba. Abin tsoron yana kan takarda, yana da iyaka, baya motsi, kuma yaro ne yake riƙe da shafin. In ya ga dama ya buɗe, in abin ya yi masa yawa ya rufe, gobe ya sake leƙawa. Ana iya karanta shi da hantsi ana cin gyaɗa. Kuma yara suna son maimaici, zai sa ki karanta har ki haddace, shi kuma duk zagaye ɗaya tsoron shafin yana raguwa tunda ya riga ya san riga ce a rataye, har ya fara riga ki faɗa yana dariya. Haka masana halayyar yara suke bi da tsoro dama, a kusanci abin kaɗan-kaɗan a inda yaro yake jin yana da iko, ba a tura shi ɗaki mai duhu a ja ƙofa wai don ya zama namiji ba. Wannan turawar da wasu iyaye maza suke yi, Abban yara a yi haƙuri, shiru kawai take koya wa yaro, tsoron yana nan.

Turancin ma abin dubawa ne. In yaron bai ji sosai ba, ke ce zaki riƙa juyawa da Hausa kina nuna hoto, kuma hakan ba laifi, har ma dama ce ki gyara labarin yadda ya dace da gidanki tunda bai iya karatu ba tukuna.

Sai tatsuniya. Ita ba sisi, ba ruwanta da wuta ko caji, kuma tana zuwa da abin da yaro mai tsoro ya fi buƙata, wato jikin babba a kusa da murya da ya sani. Abin da ya fi burge ni da ita shi ne tana da ƙofar shiga da ta fita. An ce ga ta nan ga ta nanku, yara sun ce ta zo mu ji ta, kowa ya san an shiga wata duniya. In an gama a ce ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na yi ƙarya, wasu ma su ƙara da cewa da ma ƙaryar ce. Kinga mai labarin da bakinta ta sanar cewa duk abin da aka ji shiri ne, a tashi a kwanta. Yaron da matsalarsa kenan rarrabe gaske da ƙirƙira, kullum dare ana yi masa wannan darasin ba tare da ya sani ba.

Kuma Dodon tatsuniya, in kin lura, ƙato ne amma wawa. Kullum ƙaramin cikin gida ne yake gamawa da shi. Ki tuna ta Auta, garin da Dodo yake shigowa da dare yana ruri kowa ya kulle ƙofa har sarki, yaro ƙanƙani ya ƙi barci ya gasa duwatsu a wuta, Dodo na buɗe baki ya jefa masa. Gari ya waye ana neman wanda ya yi wannan aiki. Duk abin da marubutan waje suke wahalar shiryawa, yaro ya fuskanci abin dare da dabararsa ya yi nasara, ga shi nan kakanninmu sun gama tun tuni, kuma a gari mai ganuwa da zaure irin wanda yaron yake gani. Sannan mai ba da tatsuniya tana kallon fuska. In ta ga ido ya fara raina fata sai ta sassauta, ta sa Dodo ya yi tuntuɓe ko ya saki tusa, yara su fashe da dariya. Takarda bata iya wannan.

Amma fa tatsuniya tana da nata haɗarin, kuma masu cewa mu me ya same mu sun manta daren da suka riƙe fitsari har asuba. Na ɗaya, ba hoto, don haka yaro ne yake zana Dodonsa a kai, kuma abin da kan yaro mai tsoro zai zana ya fi na kowane mai zane muni, ba kuma shafin da zai rufe. Na biyu, al'ada ta ce ba a yin ta da rana, har ana tsorata yara cewa mai yi zai ɓata, toh sai ya zama daidai lokacin da tsoro yake tashi ne ake kawo labarin haɗiye mutane. Na uku, ba duka ce ta ƙanana ba, akwai na kishiyar uwa mai azaba, akwai na yanka da farke ciki, akwai na mayu, waɗannan a bar wa 'yan shekara 9 zuwa sama. Na huɗu kuma ya danganta da bakin da ta fito. In Kaka ce lafiya lau. In yayansa ne ɗan shekara 12, da gangan zai ƙara gishiri ya sauya murya don ya ga ƙaninsa ya ƙanƙame shi.

Babbar ɓarnar ma ba a tatsuniyar take ba, a bakinmu take. Dodon da aka kashe jiya a labari, shi ne yau da magariba ake cewa yi shiru ko in kira shi, shiga ɗaki ga Dodo nan a zaure. Kin fito da shi daga ga ta nan ga ta nanku kin kawo shi zauren gidanku, kuma ke uwa ce kika faɗa, wa zai ƙaryata? Gidan da ake wannan barazanar ko littafi nawa aka saya asara ce. A fara da hana masu reno da 'yan uwa, har da kai mai gida.

Wata matsalar kuma, iyaye matasa da yawa ba su riƙe tatsuniyar ba, sai guntu-guntu, a fara ta Gizo da Ƙoƙi a ƙare da ta Botorami. Akwai su a rubuce, kuma abin kunya ne a ce a Zariya ake wannan kukan, garin da kamfanin Gaskiya ya kafu a Tukur-Tukur tun 1945, NNPC mai buga littattafai ta biyo baya a 1966, da yawan abin da Arewa ta karanta da Hausa daga nan ya fita. Sai dai yawancin abin da aka buga na ɗan makaranta ne da ya iya karatu, rubutu cike da shafi, zane baƙi da fari jefi-jefi. Littafin da ɗan shekara 4 zai riƙe ya bi labari da ido kawai, da Hausa, mai kala, har yau ƙaranci yake yi a shaguna. Don haka irin waɗancan ke zaki karanta da rana ki riƙe, da dare ki ba da da baki.

Akwai hanya ta uku da mutane ba su cika sani ba. African Storybook, wanda aka fara a Afirka ta Kudu a 2014, da StoryWeaver na Indiya da aka buɗe a 2015, duka suna da littattafan yara masu hoto kyauta a intanet, kuma akwai na Hausa a ciki. Zanen da yawa na yaran Afirka ne, gida irin namu, tabarma, awaki. Kina iya saukewa ki kai shagon fotokofi a Samaru ko Kongo a fitar miki, a danne da sitefula, ko baƙi da fari ne ya wadatar, yaron ma ya shafa kala da kansa. Ki dai karanta tukuna kafin ki biya kuɗin bugawa, don wasu fassara ce kuma Hausar takan yi tauri, wasu kuma labarin bai shafi dare ba sam. Kuma ki buga ɗin, kar ki ce zaki karanta masa daga waya a kan katifa, don daga shafi na uku zai ce a sa masa kartun.

Kartun ɗin kuwa ban ma sa shi a layin zaɓi ba. Hoto mai motsi da kiɗan ban tsoro, ba yaro ne yake riƙe da saurin ba, kuma YouTube in ya gama wannan shi zai zaɓo na gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kar ya wuce awa 1 a gaban allo a yini, ƙasa da haka ma ya fi. Yaran da yawa ma asalin fatalwar tasu daga fim ɗin fassara ne da manya suke kallo a falo suna zaton yaro wasa yake yi.

Abin da ni na fi yarda da shi, in kina da ɗan lokaci, shi ne littafin da ku biyu za ku yi. Littafin zane na 'yan firamare da fensir mai kala sun isa. Shafin farko ya zana ɗakinku da kowa a inda yake kwanciya. Na gaba ya zana abin da yake gani, kar ki gyara masa, kar ki yi dariya, in ya ce yana da ido ja ki miƙa masa jan kala. Sai shafin da shi kansa yake tsaye da tocila a hannu. Sai ku fita tare bayan isha'i da tocilar gaske, shi zai riƙe, ku haska wurin, abin da aka tarar a zana shi a shafi na gaba, buhun gawayi ne, ko hijabin Anti a kan ƙofa, ko turmi da aka kifa wa kwando. Ki rubuta layi ɗaya a ƙasan kowane shafi da kalmominsa shi. A hankali littafin zai ƙunshi hanyar banɗakin nan kaf, rijiya, turke, darbejiya, kuma jarumin ciki sunansa ne. Wahalarsa ɗaya, yana cin lokaci da haƙuri, uwar da ta dawo daga aiki ga girki ga wanke-wanke ba kullum zata iya ba, sai a ba wa babbar yaya mai hankali.

Addu'a kuma ba a sa ta a sikeli da waɗannan, duk wanda kika zaɓa da ita za a rufe. A karanta Ayatul Kursiyyu, sai Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tofa a tafin hannu a shafe jiki sau 3 kamar yadda ya zo a hadisin Nana A'isha, a kakkaɓe shimfiɗa, a ce bismika Allahumma amutu wa ahya. Abin lura kawai shi ne yadda ake gabatar da ita. In kika ce yi maza ka karanta kar aljanu su zo, kin tabbatar masa suna bakin ƙofa suna jira. In kuwa abu ne da kowa yake yi kullum, Abba ma yana yi, kuma yaron ne yake tofawa a hannunsa da kansa, toh ya samu abin yi da tsoronsa maimakon ya kwanta yana sauraren kwano. 'Yan uwa Kirista na Wusasa su ma suna da Zabura ta 4 aya ta 8 mai maganar kwanciya da barci cikin salama, tsarin dai ɗaya ne.

Fitila ma a kula. Ƙaramar fitilar caji ko ta sola mai ɗan haske ta isa, amma kar a ajiye ta a ƙasa, don daga ƙasa take harba inuwar buta ta zama ƙato a bango, a ɗora ta sama. Kyandir ko aci-balbal kusa da gidan sauro kuwa a'a, dama an hore mu da kashe wuta kafin barci.

Akwai inda duk wannan kwatancen baya aiki. Yaron da yake zabura awa 1 zuwa 3 bayan ya yi barci, ido buɗe yana ihu yana gumi, bai gane ki ba, in kin rungume shi ya ture ki, can ya koma barci da safe kuma bai tuna komai ba, wannan firgitar cikin nauyin barci ce, ba labari ya tsorata shi ba kuma labari ba zai warkar da shi ba. Kar a girgiza shi a tashe shi, a dai kare shi daga buguwa, a kuma duba ko barcinsa yana isa, don ɗan shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar awa 10 zuwa 13 ne har da na rana, kuma rashin barci yana tayar da ita. Mugun mafarki daban ne, shi can wajen asuba ya fi zuwa, yaro ya farka sarai ya ba ki labari, shi ne littafi da lallashi suke wa amfani. Manyan yara kuma da suke cewa an danne su sun kasa motsi, dannau kenan, jiki ne bai gama farkawa ba bayan ƙwaƙwalwa ta farka, yana wucewa da kansa. Zazzaɓi yana sa yaro gane-gane, tsutsar ciki mai ƙaiƙayi da dare tana hana shi barci, a gwada a yi magani. In kuma tsoron ya faɗo ne rana ɗaya, yaron da baya fitsarin kwance ya koma yi, ko wani mutum takamaimai yake gudu, ki ajiye maganar fatalwa ki bincika da kyau, a ga likitan yara.

Toh in aka ce in zaɓa. Ɗan ƙasa da shekara 4, ni ba zan kawo masa fatalwa ba ko mai murmushi ce, ba kuma zan ba shi tatsuniya mai Dodo ba, littafin dabbobi suna shirin kwanciya da waƙar reno sun ishe shi. Daga 4 zuwa 6, in inuwa da ƙara ne damuwarsa, littafin hoto irin na haska ka gani ya fi tatsuniya, a fara karanta shi da rana sai ya saba sannan a kai shi shimfiɗa, in an haɗa da na zanen gida ya fi kyau. In mamaci yake tsoro, ba littafin fatalwa ko ɗaya, magana ce ta gaskiya a taƙaice da addu'a ga mamacin. In aljani ne, nan ma kasuwa bata da abin sayar miki, azkar ne da daina hirar aljanu a gabansa. Daga 7 zuwa sama kuwa tatsuniya ta fi, don a shekarun nan yara har daɗin ɗan tsoro suke ji in sun san ƙarshen, kuma a lokacin ko littafin fatalwar Turawan ya faɗo hannunsa zai ɗauke shi abin dariya, ya ma ƙaru da Turanci.

In kin tsaya gaban mai gwanjon littattafai, kar kyan bango ya ruɗe ki. Ki bi hotunan kawai ba tare da karanta rubutun ba, don haka yaron zai gan shi, ki tsaya a shafin da ya fi muni ki auna ko naki zai iya kallonsa. Ki duba wa ya warware matsalar a ƙarshe, in uwa ce ta shigo ta kori abin, littafin kira Umma kawai zai koya masa, ki nemi wanda yaron ne da kansa ya ɗaga labulen. Sannan ki ƙirga shafukan, na gwanjo sau da yawa na ƙarshen ne yake yagewa, kuma a irin wannan littafin shafin ƙarshen shi ne inda ake gane riga ce.